Na kira shugabana ɓarawo a gaban jama'a, dole ne in ba shi haƙuri?

Ɗan Auta:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Akwai abin da ya hana ni barci yau kwana huɗu, ina roƙo ku taya ni dubawa.

Wata uku ke nan ba a biya mu albashi ba a wurin aikinmu. Ranar Litinin shugaban ya tara mu, ya tsaya yana juya makullin sabuwar motarsa a yatsa, yana ce mana mu ƙara haƙuri, wai kowa a matse yake. Kusa da ni akwai wata baiwar Allah mai yi mana shara, wadda aka koro 'ya'yanta daga makaranta, na ga tana goge hawaye da bayan hannu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa shi ɓarawo ne marar kunya, kuma Allah zai saka mana. Wuri ya yi tsit. Da yamma na sake rubuta maganar a Facebook, ban kama suna ba, amma duk wanda ya san mu ya gane.

Wani dattijon ikilisiyarmu ya ji labari, ya kira ni ya buɗe mini Ayyukan Manzanni 23:5, inda aka ce kada ka zagi shugaban jama'arka, ya ce in je in ba mutumin haƙuri. Zuciyata ta ƙi. Shi da ya riƙe haƙƙinmu ba wanda ya ce ya ba mu haƙuri, sai ni? Ina so in bi Maganar Allah, amma ba na so in zama munafuki. Me Littafi yake nema a gare ni a nan?

Maman Tagwaye:
Sannu ɗana. Wanda bai taɓa kallon yaransa da yunwa ba ba zai gane abin da ya ɗaga ka daga kujera ba. Tambaya ɗaya zan yi maka kafin malamai su zo. Ka tabbata shi ya ci kuɗin? Ko dai motar ka gani ka yanke hukunci?

Ɗan Auta:
Mama, ban ga takarda ba. Abin da na sani shi ne ana aiki, kuɗi na shigowa, mu ba a ba mu.

Gaskiya Ɗaci:
Kada ka ba shi haƙurin komai. Na gaji da yadda kullum in talaka ya yi kuka sai a jawo masa aya a toshe masa baki da ita. Me ya hana dattijon ya buɗe Yakubu 5:4, inda aka ce haƙƙin ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna? Me ya hana shi buɗe Maimaitawar Shari'a 24:15, da ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi? Rana ɗaya aka ce, shi kuma wata uku.

Sannan ku duba Yesu da kansa. A Luka 13:32 ya kira Hirudus dila. A Matta 23 ya kira manyan addini munafukai, makafin jagorori, kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa. Yahaya Mai Baftisma ya ce wa Farisiyawa da Sadukiyawa macizai. Su duka ba su da ladabi ke nan?

Tsohon Soja:
Yaro, a hankali. Romawa 13 ba dattijon nan ne ya rubuta ta ba. Ta ce ba wani iko sai daga wurin Allah, wanda kuma ya yi wa mai iko tsayayya da tsarin Allah yake ja. Bulus ya rubuta wannan ne a zamanin Nero sarkin Roma, mutumin da ya ƙone Kirista da ransu. In an ce a girmama Nero, wane ne shugaban wurin aikinku?

Na yi shekaru a ƙarƙashin mutanen da na fi wasunsu sanin aiki. Abin da na koya shi ne in ka tsinka shugaba a gaban na ƙasa da shi, ba shi kaɗai ka tsinka ba, ka ɓata wurin gaba ɗaya, gobe ba mai jin maganar kowa. Ɗan Auta, ka je ka ba shi haƙuri, ka bar wa Allah sauran.

Gaskiya Ɗaci:
Baba, "ka bar wa Allah sauran" ɗin nan ne ya sa azzalumai suke barci da minshari.

Ɗalibar Tauhidi:
Bari mu koma kan ayar da aka ba shi, domin ina ganin ba a karanta ta daga farko ba.

An gurfanar da Bulus a gaban majalisar Yahudawa. Jimla ɗaya ya yi, cewa ya yi zamansa a gaban Allah da lamiri mai kyau, sai babban firist Hananiya ya sa a buge masa baki. Bulus ya juya ya ce Allah zai buge shi, ya kira shi bangon da aka shafa wa farar ƙasa, ya ce ta yaya zai zauna yana yi masa shari'a bisa ga Doka alhali shi yana karya Dokar da ya sa a doke shi. Na kusa suka ce, babban firist na Allah kake zagi? Nan Bulus ya ce bai san shi ne babban firist ba, ya jawo Fitowa 22:28 a kan kansa, cewa kada ka zagi shugaban jama'arka.

Ku lura da abin da ya janye da abin da bai janye ba. Bai ce dukan da aka yi masa daidai ne ba. Bai ce Hananiya ya bi Doka ba. Bai kuma yi shiru daga nan ba, ya ci gaba da kare kansa har majalisar ta rabu biyu a kan batun tashin matattu. Zagin kawai ya ɗauke.

Kuma Hananiyan nan ba mutumin kirki ba ne. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya ba da labarin yadda barorinsa suke zuwa masussuka suna ƙwace zakar da take haƙƙin ƙananan firistoci. A shekara ta 66, da tawaye ya tashi a Urushalima, 'yan tawayen suka kashe shi. Wato mai danne haƙƙin na ƙasa da shi ne, irin wanda Ɗan Auta yake kuka da shi. Duk da haka Bulus bai ce mugunta ta cire masa haƙƙin kujerarsa ba.

Baba Tsohon Soja, da izininku in yi ɗan gyara. Nero ya hau mulki a shekara ta 54, wasiƙar Romawa kuwa wajen 57 aka rubuta ta, tsanantawar Kirista ta zo ne bayan gobarar Roma a 64. Saboda haka lokacin rubutun Nero bai fara ƙona kowa ba. Amma maganarku ba ta faɗi ba, domin koyarwar ba ta sāke ba bayan jini ya zuba. Wajen shekara ta 155, da aka kawo tsohon bishof Folikaf gaban gwamna a Samirna, ya gaya masa an koya wa Kirista su ba masu mulki girman da ya dace da su muddin ba zai cuci bangaskiya ba. Ya faɗi haka, ya ƙi zagin Almasihu, aka kashe shi a ranar.

Tsohon Soja:
Na karɓi gyara, 'yata. Allah ya ƙara sani.

Gaskiya Ɗaci:
Yaya za a yi Bulus, Bafarisiye, wanda ya taɓa karɓar wasiƙu daga hannun babban firist, ya ce bai gane babban firist ba? Ni ina ganin gatse ya yi. Wato yana cewa, ban san mai irin wannan hali zai iya zama babban firist ba.

Ɗalibar Tauhidi:
Akwai masu fassara da suka karanta shi haka, ba kai ne na farko ba. Wasu sun ce ya daɗe rabonsa da Urushalima kuma an sauya mutum a kujerar, wasu sun ce taron gaggawa ne. Amma ko da gatse ne, ayar da ya jawo tana nan daram, kuma bai jawo ta don ya ƙaryata ta ba. Mutum ba ya cewa "a rubuce yake" a kan abin da yake ganin bai ɗaure shi ba.

Baba Dattijo:
Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ɗan Auta, zo mu zauna.

Abin da ya faru da Bulus ya faru da Ubangijinmu tun kafin shi. A Yahaya 18, ana yi masa tambaya a gidan Hanana, wani ɗan tsaro ya mare shi, yana cewa haka ake amsa wa babban firist? Yesu bai sunkuyar da kai ya haɗiye ba. Ya ce in mugun abu ya faɗa a nuna muguntar, in kuwa daidai ya faɗa don me aka mare shi. Ka ga amsar nan? Ba tsoro a ciki, ba zagi a ciki. Ta bar mai marin tsaye da tambayar da ba shi da amsarta.

Yanzu ka dubi taka. Da ka miƙe ka ce, ranka ya daɗe, wata uku ba a biya mu ba, ga wannan baiwar Allah an koro 'ya'yanta daga makaranta, muna so ka faɗa mana ranar da za a biya mu da inda kuɗin ya maƙale, da dole ya amsa ko ya ji kunya a gaban kowa. Da ka ce ɓarawo, ka ba shi ƙofar fita. Yanzu maganar da ake yi a wurin aikinku ba ta albashi ba ce, ta yaron da ya zagi shugaba ce. Na tabbata haka ne ko ban je ba.

Ka karanta Daniyel. Sarki Dariyus ya sa an jefa shi ramin zakoki, gari ya waye, kalmar farko da ta fito daga bakin Daniyel ita ce ran sarki ya daɗe. Sai ya biyo da cewa ba a same shi da laifi ba, bai kuma yi wa sarki wani abu ba. A sura ta 4, da Nebukadnezzar ya yi mugun mafarki, Daniyel ya damu har ya ce da ma mafarkin a kan maƙiyan sarki yake. Amma bai rage ko kalma ɗaya daga fassarar ba, ya ƙare da gaya masa ya rabu da zunubansa ta wurin yin adalci da jin ƙan matalauta. Wannan sarkin shi ne ya kwaso su Daniyel daga ƙasarsu. Ni a wurina nan ne makarantar take. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma yadda ka faɗe shi ne yake nuna wanne kake nufi.

Ɗan Auta:
Baba, gaskiya ne. Tun ranar ba wanda ya ƙara ta da zancen kuɗin. Har waɗanda suka yi mini jinjina a ɓoye sun daina zama kusa da ni.

Gaskiya Ɗaci:
Baba, ina girmama ku, amma ba ku taɓa batun dila ba. Kullum in aka kawo wannan sai a ce ai shi Yesu ne, ya san zuciya. To in haka ne, ina ne za mu yi koyi da shi, ina ne ba za mu yi ba? In ya yi shiru a gaban Bilatus a ce mu yi koyi, in ya tsawata a ce wannan nasa ne shi kaɗai?

Baba Dattijo:
Tambayarka tana da ƙarfi, ba zan kauce mata ba. Ba zan ce maka Littafi bai san magana mai kaifi ba. Iliya ya dubi Ahab ya ce kai ne mai wahalar da Isra'ila, kai da gidan ubanka. Natan ya ce wa Dauda kai ne mutumin. Yahaya ya gaya wa Hirudus bai halatta ya zauna da matar ɗan'uwansa ba, aka sare masa kai a kan haka. Duk wanda ya ce maka Kirista ba ya faɗa wa mai mulki abin da ba ya so, bai karanta annabawa ba.

Amma ka ci gaba da karanta Luka 13, kada ka tsaya a aya ta 32. Ayoyi biyu a gaba, bakin da ya ce dila shi ne yake makoki a kan Urushalima, yana cewa sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza take tattara 'yan tsakinta. Matta 23 ma da wannan makokin ta ƙare. Wato kaifin ya fito ne daga zuciyar da take shirin mutuwa domin mutanen nan. Ni in na duba ranakun da na zagi wani babba, ban ga hawaye a ciki ba, daɗi na ji. Da wannan nake auna kaina, shi ya sa nake tsoron ɗaukar kalmar dila in sa a bakina.

Na biyu, duk waɗannan abin da suka sani tabbas suka faɗa. Natan ya san Uriya ya mutu, ya san wanda ya sa. Iliya ya san gonar Nabot a hannun wa take. Maman Tagwaye ta tambayi ɗanmu ko ya tabbata, ya ce bai ga takarda ba. Riƙe albashi ya gani da idonsa, wannan zai iya faɗa a gaban kowa. Sata kuwa zato ne.

Gaskiya Ɗaci:
Na yarda da na biyun. Na farkon zan yi tunani a kai.

Maman Tagwaye:
Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ya daɗe yana cina. Wannan koyarwar ta girmama na gaba, a cikin ikilisiya aka fi cutar mutane da ita. Na taɓa zama a wani taro inda wata gwauruwa ta ɗaga hannu da ladabi ta tambayi yadda aka kashe kuɗin da aka tara don gini. Mai jagorancin taron ya ɗaga murya ya ce kada ku taɓa shafaffena. Matar ta sauke hannunta a hankali, ta ɗora a kan cinya, ba ta ƙara ɗago kai ba har aka tashi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin ni ma ina wurin ban ce komai ba.

Malamin Lahadi:
Mama, an zalunci matar nan, an kuma zalunci ayar. Zabura 105:15 ce. In kin karanta daga sama, labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Sarakuna Allah ya tsawata wa domin su. Wato aya ce da take kare marasa ƙarfi daga masu iko, sai aka juya ta ta koma garkuwar masu iko.

Dauda ma da ake yawan kawowa, a kogon En-gedi ya ƙi kashe Saul domin shafaffe ne, haka ne. Amma me ya yi bayan haka? Ya fito ya rusuna, ya kira shi ubangijina sarki, ya kira shi babana, sannan ya ɗaga ƙyallen rigar da ya yanka ya ce masa kana farautar raina ba tare da na yi maka laifi ba, Ubangiji ya shara'anta tsakanina da kai. Hannunsa ne bai taɓa Saul ba, bakinsa ya faɗi gaskiya a gaban rundunar sarki.

Game da shugabannin ikilisiya kuwa, 1 Timoti 5 ta tsara komai. Kada a tsawata wa dattijo da zafi, a roƙe shi kamar uba. Kada a karɓi ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku. Amma masu ci gaba da zunubi a tsawata musu a gaban kowa. Sura ɗaya ce, ba a yarda mu ɗauki rabi mu bar rabi ba. Bulus kansa ya tsaya wa Bitrus ido da ido a Antakiya.

Mai Bishara:
Ina so in ja hankalinmu ga ɗaya ramin, domin mun fi faɗawa cikinsa fiye da na zagi. Fadanci.

A Ayyukan Manzanni 24 mutum biyu suka yi magana a gaban gwamna Filikus. Lauya Tartulus ya fara da zuba kirari, wai ta dalilin gwamna ake zaman lafiya, ana ta gyare-gyare. Bulus da aka ba shi dama cewa kawai ya yi ya san gwamnan ya yi shekaru yana shari'a a ƙasar, don haka zai kare kansa da farin ciki. Abin da yake gaskiya ya faɗa, bai ƙara gishiri ba. Daga baya da suka zauna, ya yi masa zancen adalci da kamun kai da hukunci mai zuwa har Filikus ya tsorata. Gwamnan yana sa ran cin hanci, Bulus ya zauna shekara biyu a tsare bai ba shi ba. Da Festas, gwamnan da ya gaji Filikus, ya ɗaga murya ya ce masa ilimi ya haukata shi, Bulus ya amsa da ba shi laƙabin girmansa, ya ce ba hauka yake ba, gaskiya yake faɗa cikin natsuwa. Haka kuma a Filibi, da aka doke shi da abokinsa Sila ba shari'a aka so a sallame su a ɓoye, ya ƙi fita sai mahukuntan sun zo da kansu.

Ahab yana da annabawa wajen 400 masu gaya masa abin da yake so, Mikaiya ɗaya ne ya faɗa masa gaskiya. Wa ya fi girmama sarki a cikinsu? Ɗari huɗun nan su suka raka shi zuwa mutuwarsa.

A tarihin ikilisiya, a shekara ta 390 sojojin sarkin Roma Tiyodosiyus suka karkashe jama'a a Tasalonika. Ambros, bishof na Milan, bai hau mumbari ya zage shi ba. Wasiƙa ya rubuta masa da hannunsa don shi kaɗai ya karanta, ya tuna masa da Dauda da Natan, ya gaya masa ba zai yi hidimar Jibin Ubangiji a gabansa ba sai ya tuba. Sarkin ya tuba a bainar jama'a.

Gaskiya Ɗaci:
Wannan ya yi sa'a ne. Janani Luwum fa? Akbishof na Yuganda. A watan Fabrairu na 1977 shi da bishof-bishof suka rubuta wa Idi Amin ƙorafi kan kisa da ɓacewar mutane. Ba zagi suka yi ba. Ranar 16 ga watan aka kama shi, washegari gwamnati ta ce wai haɗarin mota ne ya kashe shi tare da ministoci biyu. Me ladabin ya tsinana masa?

Ɗalibar Tauhidi:
Bai cece shi ba. Bai ceci Folikaf ba, bai ceci Bulus ba. Ina ganin a nan ne muke kuskure in muka sayar da ladabi a matsayin dabarar samun biyan bukata. Wani lokaci yana aiki, Karin Magana 25:15 ta ce tattausan harshe yana karya ƙashi, Abigail ma da shi ta tsayar da Dauda da mutum 400 masu takuba. Wani lokaci kuma ba ya aiki ko kaɗan. Dalilin yin sa ba sakamakon ba ne.

Ku dubi 1 Bitrus 2:17. Umarni huɗu ne a jere: ku girmama kowa, ku ƙaunaci 'yan'uwa, ku ji tsoron Allah, ku girmama sarki. A Helenanci kalmar da aka sa wa kowa ita ce aka sa wa sarki. Tsoro kuwa Allah kaɗai aka ba. A duniyar da ake bauta wa Kaisar kamar allah, wannan sauke shi ne zuwa layin 'yan Adam. Titus 3 ma da ta ce a yi biyayya ga mahukunta, aya ta gaba cewa ta yi kada a ɓata sunan kowa. Saboda haka ban hana Ɗan Auta zagin shugabansa don shugaban ya fi mai shara daraja ba. Na hana shi ne don ba a ba shi izinin zagin mai sharar ba ma. Wasiƙar Yahuza ta ce ko Mika'ilu shugaban mala'iku, da yake jayayya da Iblis a kan gawar Musa, bai zage shi ba, ya ce Ubangiji ya tsawata maka.

Tsohon Soja:
Na ga na yi gaggawa da na ce ya bar sauran. Ya janye zagin, amma kada ya bar maganar kuɗin. Kuma in dattijon ikilisiyar nan yana da hanyar ganin shugaban, ya kamata ya buɗe masa Kolosiyawa 4:1, da ta ce iyayengiji su yi wa bayinsu adalci, kamar yadda ya buɗe wa yaron tasa ayar. Shi ma yana da Ubangiji a sama.

Gaskiya Ɗaci:
Yauwa Baba, abin da nake nema ke nan tun farko. A riƙa buɗe Littafin ta ɓangare biyu. Har yanzu ina jin ciwon cewa wanda aka cuta shi zai fara zuwa. Amma ba ni da ayar da zan hana shi da ita.

Malamin Lahadi:
Ɗan Auta, kafin ka je, ka yi masa addu'a da sunansa. 1 Timoti 2 ta ce a yi wa sarakuna da dukan masu iko. Yana da wuya ka fito daga yi wa mutum addu'a ka shiga ofishinsa da baƙar magana. Kuma tunda a gaban jama'a ka faɗa, janyewar ma kada ta tsaya a bayan ƙofa.

Ɗan Auta:
Na dawo, 'yan'uwa. Jiya da dare na goge rubutun Facebook. Addu'ar ta yi mini nauyi, sau biyu ina farawa ina tsayawa, a na uku na iya kiran sunansa.

Da safe na je ofishinsa. Ya bar ni a tsaye yana duba waya kusan minti goma. Da ya ɗago na ce, ranka ya daɗe, na zo in janye kalmar da na kira ka da ita, ba ni da shaidar sata, ko da ina da ita ma bai kamata in faɗe ta haka ba, ka gafarce ni. Na ce amma wata uku ba a biya mu ba, wannan ba daidai ba ne a gaban Allah, kuma ba zan daina tambaya ba. Muryata tana rawa, amma na kai ƙarshe. Ya dube ni ya ce ya ji, in je. Bai ce ya yafe ba, bai ce komai a kan kuɗi ba.

A wurin hutun rana na maimaita wa abokan aiki abin da na gaya masa. Mu goma sha ɗaya muka sa hannu a takarda muna roƙon a faɗa mana ranar biya a rubuce. Mai sharar ba ta iya rubutu ba, ta dangwala yatsa. Dattijon ikilisiyarmu kuma na gaya masa abin da Baba Tsohon Soja ya ce, ya yi shiru, sannan ya ce zai nemi ganin mutumin a makon nan. Ban san ko za a kore ni ba. Ku sa mu a addu'a.

Maman Tagwaye:
Muna yi, ɗana. Yaran matar nan su nawa ne aka koro? Ka tambaye ta gobe ka turo mini ta akwatin saƙo, zan yi magana da matan zumuntarmu ranar Alhamis.